Wane Mai Kika Shafa, Iya?

Farcena ne ya fara tona ni. Wata safiya ina ɗauraye kofin shayi sai na ga wani baƙin layi ya ratsa farcen babban yatsana, kamar an ja shi da gawayi. Na sa wuƙa na kankara, bai fita ba. Kafin wata ya zagayo sauran faratan sun bi sahu, gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi ƙirin, tafin hannuna ya dafe kamar gindin tukunya. Daga nan abin ya haura fuska, kumatu da goshi, dabbare-dabbare. Ni kuwa fara ce tun asali, farin da uwata ta bar mini, wanda ban taɓa ƙara masa komai ba sai sabulu da ruwa.

Na nuna wa nas ɗin da ke sa mana ƙarin ruwa a asibiti, wata gajeriya mai saurin baki, kullum da biro soke a gashi.

Na ce, "'Yar nan, dubi aikin ruwanku. Ciwon daji na kawo muku, ban ce ku rina ni ba."

Ta kama hannuna ta juya. "Mama, maganin ne, yana yi wa wasu haka. Kin ga nan?" Ta bi jijiyata da yatsa, inda wani baƙin zare ya miƙe daga wurin allura har gwiwar hannu. "Hanyar da ya bi ke nan. In an gama, yawanci yana washewa a hankali. Ki rage shiga rana, kuma don Allah kada ki shafa komai sai basilin."

"Yawanci. To wanda ba yawanci ba fa?"

"Shi sai ya zauna da baƙinsa da ransa. Wanne kika fi so, Mama?"

Na ja bakina, don yarinyar ta iya ciniki.

Babu wanda ya san ina zuwa asibitin nan, daga autana, direban babbar mota da ba ya kwana gida sai jefi-jefi, sai matarsa da muke zaune tare. Na sa su sun yi mini alkawari ba za su faɗa wa kowa ba. Auta ya ɗauka kunya nake ji. Surukata ta ɗauka tsoron baki nake yi. Duk ba su gane ba.

Ni ban yi makaranta ba, amma kaina ba ya zubar da abu. Tun ina amarya a layin nan, babu wanda ya kwanta ciwo ƙafata ba ta taka ɗakinsa ba. Matar mai gyaran rediyo da ta karye a ƙugu, na je. Mai wanki da aka yi wa aikin ido, na je, har da riƙe masa kofi. Aminiyata tela, wadda kowa ke ce wa Mai Keke, lokacin da hawan jini ya kayar da ita, damina guda na yi ina juya ta a gado, ina wanke mata abin da 'ya'yanta ke toshe hanci a kai. Ni kuwa Allah ya ba ni jiki, ban taɓa kwanciyar da za a ce a zo a duba ni ba. Saboda haka layin nan kaf ina bin sa bashin dubiya, kuma na san na kowa, da tsawon zamansa.

Abin da na lura da shi kuwa, wanda kake bi ba ya mantawa da kai. In na wuce, mai wanki sai ya ajiye dutsen guga ya rusuna. Matar mai rediyo ba ta ganina da kaya ta bar ni da shi. Ranar da suka ji na kwanta, za su zo, kowa da 'yar ledar lemo, su zauna, su ce sannu, su tashi sun sauke nauyi. Na ga yadda ake yi, ai ni ce tsohuwar hannu. Farko ɗaki ba wurin sa ƙafa, sai a ragu, sai a ragu, sai ka waiwaya daga kai sai ƙuda. An biya ka kaf, an gama da kai, saura a ji kuka a zo. Ni ban shirya a biya ni ba.

Sai na ce wa surukata, duk wanda ya zo, ta ce ina barci, in an matsa ta ce na fita. Ranar asibiti, mota har bakin ƙofa, gyale har hanci.

Mai Keke ta yi ta zuwa. Daga bayan labule nake gane ta, don tun hawan jinin nan ƙafarta ta hagu jan ta take yi, takalmin na cewa sharr, sharr a kan siminti.

Surukata ta ce, "Tana barci, Inna."

"Jiya barci, yau barci. Barcin nan nata gado ta yi ko saya?"

"Gajiya ce, Inna."

"Gajiyar me? Dutse take fasawa?"

Ina jin ta, hannuna a kan baki. Ta juya, sharr, sharr, har ƙarar ta ɓace. Da ta gaji, ta daina zuwa.

Ɗakina ba shi da girma. Gado, akwatin ƙarfe, fanka mai kuka, da taga da ke kallon bangon maƙwabta. Na san duk wata tsaga da ke jikin bangon nan. Madubi kuwa na kifa shi a kan akwati. Gashina ya zube, ɗankwali ya rufa asiri. Na rame, zane ya rufa asiri. Hannu ne babu yadda za a yi da shi, da shi ake karɓa, da shi ake bayarwa. Da rana, in surukata ta tafi kasuwa, gidan sai ya yi tsit, har ina jin kukan keken aminiyata daga can ƙasan layi. Ina gane in ta kai ƙarshen ɗinki, ina gane in zare ya tsinke mata, don sai ta yi shiru tana neman ramin allura, da can ni nake zura mata. Sai in samu kaina ina miƙa yatsu, alhali ba zare, ba allura.

A irin wannan ranar ce matar mai rediyo ta dawo da farantin da ta ara. Ta yi ta sallama, ba kowa sai ni. Kayana ne, kuma ba na barin kayana a hannun mutane. Na zura hannu ta gefen labule na karɓa. Ta riƙe farantin kaɗan kafin ta saki. Ban ga fuskarta ba, amma na ji idonta a kan yatsuna.

Ba a jima ba surukata ta dawo daga sayen sabulu tana ta buga tukwane. Yarinyar ba ta da wannan hali.

"Ke, tukwanen nan sun zage ki ne?"

Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, idonta ja. "Iya, cewa ake man bilicin kika shafa ya ƙona ki. Wai shi ya sa kike ɓuya."

"Ni?"

"Wai tsufa ya zo miki da gardama. Har an ce mai gyaran agogo kike yi wa, tunda matarsa ta rasu."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Mai gyaran agogo! Mutumin da ba ya jin sallama sai an taɓa shi. Amma surukata ba ta yi dariya ba.

"Har cewa suka yi farin naki dama na kanti ne, yanzu ne asiri ya tonu."

Nan dariyar ta tsaya. Farin uwata. Kuma ni ce fa a layin nan ba na ganin yarinya ta fara ɗashewa in yi shiru, sai na kama hannunta na juya na ce, fuska ta tafi ta bar yatsu a baya. Yau ga yatsuna.

"Mai Keke tana wurin?"

"A ƙofar shagonta ake maganar."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba, Iya. Kekenta kawai ta ci gaba da takawa."

Wannan ya fi ruwan asibiti ɗaci.

Surukata ta ce, "Ki bar ni in faɗa musu gaskiya, don girman Allah."

Na ce a'a. Auta ya bugo waya daga hanya, ya ce Iya ki bar mutane su zo, ciwo ba abin kunya ba ne. Na ce masa ya kula da titi. Na auna abin a raina. A ce na shafa mai, zafi ne, amma masu dariyar nan har gobe ina bin su. Na zaɓi dariya.

Sai ga wadda ban taɓa sawa a lissafi ba. A bakin layinmu akwai wata mai shagon mayuka da turare, kowa Kala Biyu yake ce mata, don fuskarta fara ce fat kamar cikin burodi, yatsunta da idon sawunta kuwa baƙi kamar an ɗaura mata na wani. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na ji surukata na ce mata ina barci.

"Barci? To madalla, zan jira ta tashi. Ciki ya fi inuwa."

Kafin in ja gyale ta ɗaga labule, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta zube a ƙasa gaban gadona, ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta yi salati ba, ba ta kau da kai ba.

"Kai, Iya, ya ci ki da yawa. Wane mai kika shafa? Mai jan kwali ko na kwalbar nan marar suna?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Kada ki ji kunyata, ni ce uwar ƙungiya. Ba a wurina kika saya ba dai, da na hana ki. Wa ya haɗa miki? Gaya mini in je in ci masa mutunci."

Ta jawo hannuna ta ɗora a kan nata. Baƙi a kan baƙi, har ban san inda nawa ya ƙare ba. Rabon da wani ya riƙe mini hannu ba don neman jijiya ba, na manta.

Ta ce, "Lokacin da nawa ya ƙona ni, wata da watanni na yi a ɗaki. Ko kare bai leƙo ba. Mai irin ciwonmu ba a duba shi, Iya, dariya ake masa. Shi ya sa da na ji, na ce ko duniya za ta taru a kanki, ni sai na zo."

Ta ciro lemo daga jaka ta ɓare da farce, tana ba ni ɓari-ɓari. Bakina duk gyambo ne saboda magani, lemon yana yanka ni, amma na shanye. Ta ba ni labarin wani mai kawo mata kaya da ke sonta, wai shi baƙar mace yake so, ta ce masa to ya auri yatsun. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Da za ta tafi ta ajiye wata 'yar kwalba a kan akwati, kusa da madubin da na kifa.

"Wannan safe da yamma. Ba ya maido da fari, amma yana kwantar da baƙin. Kyauta ce, kada ki ce komai."

Ban kuwa ce komai ba. Ta fita, ƙamshin ya zauna.

Kwalbar nan ta hana ni sakat. In na juya sai in gan ta. Matar nan ba ta cikin waɗanda nake bi, ko sannu ba ta taɓa ci daga gare ni ba. Yanzu ni ce a ƙasa. Tunda nake ban taɓa kwana da dubiyar wani a wuyana ba. Abin da ya fi muni, dubiyar ba tawa ba ce. Wata ta zo dubawa, mai irin ciwonta, ni kuwa na miƙa hannu na karɓe, kamar a kawo saƙon maƙwabci ka sa a ɗaki ka yi shiru. Kuma ruwan asibiti na gaba yana tafe, wanda in an sa mini sai in yi kwanaki ko banɗaki sai an riƙe ni. Wa ya sani ko bayansa ƙafar za ta sake ɗaukata? In na tafi da bashin nan, Auta ba zai san ma akwai shi ba, balle ya biya.

Na san kuma shagon Kala Biyu. Maganar da aka yi a can kafin ka kai gida ta riga ka. In na biya ta da gaskiya, na kira layi kaf su zo su biya ni ke nan.

Na bari rana ta yi sanyi, yadda nas ta ce. Na ɗaura zane na fita, na yafa gyale a kafaɗa, ban rufe fuska ba. Surukata ta biyo ni da gudu, na ce ta koma, bashin ba nata ba ne.

Layin ya yi mini tsawo. Mai wanki ya ɗago, dutsen guga a hannu, ya rasa ko ya rusuna ko ya kalli ƙasa. Matar mai rediyo ta shige gida kamar an kira ta. Da na zo daidai shagon Mai Keke, kukan keken ya tsaya. Ban waiwaya ba. Kwalbar tana hannuna, a fili, kowa ya ga yatsun ya more.

Shagon Kala Biyu da mata a ciki suna shinshina turare. Ta taso da sauri ta ba ni kujerarta.

"Iya! Da kanki? Ai da kin aiko."

"Ba a aiken dubiya. Kin zo, na zo." Na zauna har numfashina ya dawo, sannan na ajiye kwalbar a kan kanta. "Wannan ki ajiye wa mai ciwonsa. Nawa ba mai ba ne, 'yar nan. Daji ne, a nono. Ruwan da ake sa mini a asibiti ne ya rina ni."

Na ɗaga gefen ɗankwalina kaɗan, yadda matan nan za su ga ƙoƙon kai, kada su ce ba su gani da kyau ba. Ɗaya ta saki kwalbar turare a kan tebur.

Kala Biyu ta dubi yatsuna. Sai ta dubi nata yatsun, ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

"Ashe dai har yanzu ni kaɗai ce a ƙungiyar."

"Ke kaɗai ce. Amma lemonki ya yi daɗi."

Na zauna daidai zaman da ta yi a ɗakina, ban rage ba, ban ƙara ba. Kafin in tashi matan sun sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da za ta kai. Da na isa gida na ce wa surukata ta ɗage labule ta shimfiɗa tabarma.

Ban gama kwance gyale ba na ji sharr, sharr, da sauri yadda ban taɓa ji ba. Mai Keke ta faɗo ɗaki da tef ɗin awo rataye a wuya, ko sallama babu.

"Tsohuwar banza! Tsohuwar kawai! Ni za ki sa a ce wa kina barci?"

"Ke fa? Ana cewa farina na kanti ne a ƙofar shagonki, kina taka keke."

"Me zan ce? Na san farinki tun kina da haƙoranki duka. Haushi nake ji. Na ce bari su ci namanki, ko kya fito ki rama." Ta zauna a bakin gado, ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa kamar yadin da za ta yanka. Muryarta ta karye. "Kin yi muni, wallahi."

"Ke da ba ki sha magani ba, mene ne hujjarki?"

Ta yi dariya, ta yi kuka, ta share da tef ɗin awo. Ta fara tambaya, tun yaushe, me likita ya ce, me nake iya ci. Ta gyara mini filo. Ta tuɓe takalmi, alamar zama ya zo. Na bar ta ta ɗan taɓa, sannan na ce:

"Tashi ki tafi."

"Ban gane ba. Yanzu fa na zo."

"Damina guda na yi ina juya ki. Kina tsammanin za ki biya ni a zama ɗaya ki huta? Kaɗan-kaɗan zan karɓa. Na yau ya isa. Gobe ki zo da allura da zare."

Ta dube ni. Ita ba sai an yi mata bayani ba. Ta sa takalminta tana ƙunƙuni, wai ba ta taɓa ganin mai bin bashi da ke korar mai biya ba.

Sauran kuwa yadda na faɗa haka aka yi. Ɗaki ya cika har ba wurin sa ƙafa, lemo ya taru har surukata na rabar wa maƙwabta. Matar mai rediyo ta yi kuka ta ce ita dama ba ta yarda ba. Mai wanki ya zo, har mai gyaran agogo ya zo, aka yi ta yi masa ihu a kunne. Kowa ya zauna, ya ce sannu, ya sauke nauyi. Sai aka ragu, sai aka ragu. Yanzu in na leƙa ƙofa, gaisuwar da ake mini ta mutanen da suka gama biya ce, da hannu ɗaya, ana tafiya. Sunana ya wanku, layin ya fita daga hannuna.

Baƙin bai washe ba tukuna. Nas ta ce sai an gama, kuma yawanci. Madubin yana nan a kife. Da rana gidan tsit yake yi kamar da, daga ni sai fanka da bangon maƙwabta, ina kasa kunne ko zan ji takalmin nan a kan siminti. In ta zo, in zura mata zare da baƙaƙen yatsuna, mu ɗan zagi juna, in kore ta tun shayinta bai huce ba.

Yau tun safe ake ruwa, ƙafar tata ba ta son sanyi, ba ta zo ba. Ban ji haushi ba. Na ƙara mata a kai.